Bututun Hayaƙin Gidan Burodi

A Ƙaura kowa cewa yake Bilyaminu mai gasa burodi mutum ne mai haƙuri. Shekara tara yana shaƙar hayaƙi a gaban tanderu, har ciwon ƙirji ya kashe shi. Maigidanmu ya kai buhun shinkafa wurin makoki, aka yi ta sa masa albarka. Ni ke wanke bututun da ke fitar da hayaƙin, kuma bakinsa kawai nake gogewa, iyakar inda fitilar dubagari ke kaiwa. Haka maigida yake so.

Wata huɗu da rasuwar, aka ce gobe dubagari zai zo. Bututun bai huce ba sai bayan isha'i, na hau tsani ni kaɗai. Ina cikin goga sai tsanin ya daina rawa, kamar an riƙe.

Na ce, "Maigadi, sannu."

"Tura hannunka ciki, Shehu. Ƙanena ke aiki a gaban tanderun nan yanzu."

Ba daga ƙasa muryar ta zo ba, daga cikin bututun ta fito, numfashin yana ƙugi. Na haska ƙasa. Garin fulawa ya rufe daɓe, sawuna ne kaɗai a kai.

Na tura hannu har kafaɗa, ya nutse cikin baƙin maiƙo. Numfashin ya tsaya, yana jira.

"Bilya," na ce, "tun farko na sani, na yi shiru. Ka yafe mini."