Hijabi Biyu Da Taswirar Azbin

"Kowa ya kwanta! Baba, ina taswirar?"

Muryar gardi ce ta fito daga cikin hijabi. Malam Harisu, tsohon ma'aikacin safiyo, ya saki kofin kunu. Da hantsi mata biyu suka shigo masa gida kamar 'yan barka, ashe Jafaru ne da Ya'u, kowa da bindiga ƙirar gida.

"Wace taswira, 'yan nan?"

"Ta duwatsun Azbin! Wadda Turawa suka zana, mai jan tabo a kan ramukan zinariya!"

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Jafaru yake mafarkin an yanke masa hannu. Amma ogansu Mainasara ya rantse wannan ne aikin ƙarshe, daga nan sai Sahara.

Ya'u ya zaro taswirar daga ƙarƙashin gado, a nannaɗe kamar tabarma. Suka fice a guje. Mainasara na jira a kan babur.

"Ku haye! Ku zauna kamar mata, 'yan iska!"

Suka yanka ta gefen rijiyar Kusugu, suka miƙi hanyar iyaka. A baya, tuni Malam Harisu ya kai ƙara, Sajan Isyaku ya cika mota da kuratan 'yan sanda.

Abu ɗaya suka manta. A kwanakin nan 'yan hisba ba sa son ganin namiji ya goyo mace a babur, balle biyu.

"Tsaya, malam! Matanka ne?"

"Ƙannena ne."

"To su sauka, mu samo musu mota. Sannu, Hajiya."

Jafaru ya maƙale murya. "Yauwa."

Saukarsu ke da wuya, Mainasara ya fizge taswirar, ya ba babur wuta!

"Oga! Oga, mu fa?"

Jafaru ya tattare hijabi zai bi shi — ga wando, ga bindiga, ga jiniya ta iso!

A caji ofis Sajan ya ja kujera. "To Hajiya, ina maigidan ya nufa?"

Jafaru ya ɗaga hannunsa na dama. "In na faɗa, za a bar min wannan?"

"Faɗi mu gani."

Ya faɗi komai, har launin hular Mainasara.

Kafin la'asar aka kama Mainasara a Mai'aduwa. Ya shimfiɗa taswirar a juye kan teburin mai shayi, yana tambayar ta ina ake zuwa Agadas, don duk rubutun da Faransanci yake.

Babbar kotu aka kai su, ba kotun Shari'a ba. Mainasara shekara ashirin, Ya'u sha huɗu, Jafaru bakwai. Da aka miƙo wa Jafaru takarda, ya dangwala mata babban yatsansa na dama, a hankali, har sau biyu.