Kulocin Motar Malam Gidaɗo

Ran da Sammani bakanike ya fara ganin Aziza, yana kwance ne a ƙarƙashin tsohuwar akori-kurar mahaifinta mai shan gas. Tun damina motar ke ajiye a ƙofar gidansu a Bunkure, har kuloci ya liƙe. Ta durƙusa ta ajiye masa kwanon fura.

"Sannu da aiki, Malam."

Ya ɗago da sauri, goshinsa ya bugi ƙarfe ƙwal! Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu.

Aikin wuni guda ne, amma Sammani ya mai da shi na makonni. Yau ya ce sai an sayo wani ƙarfe, gobe ya ce tsatsar ta yi yawa. Ya kwance, ya ɗaura, ya koma gida a gajiye ba abin da ya gyaru, shi dai ya ga Aziza. Da ya tura kawunsa neman izini, mahaifinta Malam Gidaɗo ya ce atafau.

"Mutumin da mota ta gagara, riƙon mace zai iya? Ga Badamasi dillalin tumatir yana ta sintiri."

Da yamma saƙon Aziza ya shigo wayar Sammani:

"Sahibina, na gaji wallahi. Tumatirin Baba ya nuna, yana zuba a gona ba motar ɗauka. In don ni kake jan aikin nan, to janka ne zai raba mu."

Kunya ta rufe shi. Ya amsa: "Tauraruwata, ki yafe ni. Gobe za ta tashi."

Da safe aka tura motar zuwa hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa. Ya bar injin ya yi zafi, ya kashe, ya sa giya, ya tayar da ita a haka. Ta zabura tana tsalle kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya danne kuloci har ƙasa, ya ba ta wuta, ya taka birki. Shiru. Ya sake. Gumi na tsiyaya, ga ruwa a dama, ga albasar mutane a hagu. Can sai ji kake ƙas! Kuloci ya saki.

Ya sauko, ya tsuguna gaban Malam Gidaɗo.

"Baba, tun ranar farko zan iya wannan. Ni na ja aikin."

"Ai na sani, ja'iri. Kafin a haife ka nake tuƙi. Kwanduna nawa na zubar ina jiran ka faɗa da bakinka!" Tsohon ya nisa. "Tashi mu yi lodi. Ka ce kawunka ya dawo."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da 'yan kai amarya suka watse, Aziza ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Ka wahalar da ni, Sammani."

"Na wahalar da ke, amaryata. Ba zan ƙara ba."

Ta jingina kanta a kafaɗarsa, idonta ya ciko. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya hutar da su.