Uku a Waje, Ɗaya a Gida

Duk wanda ya saba zuwa filin ƙwallo na Rano a farkon shekarun dimokuraɗiyyar nan ya san Muntari Mai Ganga. Mutumin Tarai ne ta ƙasar Kibiya, yana awon hatsi a kasuwar Rano, amma ba da mudu aka san shi ba. An san shi da gangar da yake ratayawa duk ranar da ƙungiyar Garkuwa za ta buga wasa. Shekara goma sha huɗu yana bin ta. Ya bi ta a bayan motar albasa har Gusau, an fasa masa goshi da dutse a wani fili a kudu, ya taɓa yin sallar idi a tasha saboda ita. A duk tsawon shekarun nan Garkuwa ba ta ɗauki ko kofin shayi ba.

A kakar 2003 abin ya kai maƙura. Ƙungiyar tana can ƙasan tebur a rukuni na biyu na gasar ƙwararru. 'Yan wasan kirki sun gudu Kano da Kaduna. Jesi ta koɗe har ba a gane lamba. Mai ƙungiyar ya shiga siyasa, ya kuma faɗa a fili cewa idan ta faɗa rukunin ƙasa zai rushe ta, kowa ya kama gabansa. Saura wasa bakwai, huɗu daga ciki a waje. Garkuwa kuwa rabonta da cin wasa a waje shekara uku.

"Muntari, ka huda gangar nan ka yi rariya," in ji Sharu, maƙwabcinsa a rumfa. "Ko ba komai matarka Adawiyya ta samu abin tankaɗe."

"Ka bari kawai, Sharu."

"Na bari. Ku ma an kusa barin ku."

Muntari bai yi dariya ba. Kwana uku ke nan bai ci abincin kirki ba.

Wani direba ne ya ba shi labarin wani tsohon boka da ake kira mutumin dutse. Tun da aka ƙaddamar da shari'a masu irin wannan sana'a suka janye daga cikin gari, wannan kuwa ya koma wani kogo a duwatsun da ke bayan Fammar. Direban ya ce ana zuwa da abu uku: baƙin zakara, abin da mutum ya fi so a duniya, da ƙasar bakin zaurensa cikin tafin hannu. Muntari ya ɗauki tsohuwar ƙwallon da Garkuwa ta ci wasanta na farko da ita, wadda yake ajiye a ƙarƙashin gado. Ranar Laraba da hantsi ya hau dutsen.

Bakin kogon ƙunci gare shi, sai da rarrafe. A ciki rana ba ta da iko. Warin kashin jemage ya haɗu da na ƙonannen gashi. An jera ƙahoni a jikin bango, kowanne naɗe da jan ƙyalle da ya yi baƙi don jini. A tsakiya akwai wata tukunya da aka binne har wuya, ba wuta a ƙarƙashinta, amma tana huci. Tsohon yana zaune a bayanta a kan buzun kura, ƙanƙane, fes da shi, kamar wanda zai tafi ɗaurin aure.

"Ƙwallo ce ta kawo ka ko dukiya?"

"Duka biyun, Baba. Ƙungiya ba ta tsayuwa sai da mai ƙarfi a bayanta. So nake ya zama ni ne."

"Masu hawowa nan mace suke nema, ko kujera, ko a kawar musu da wani. Kai ne na farko da ya taka dutsen nan saboda fata mai iska a ciki."

"Ba fata ba ce. Garkuwa ce."

Tsohon ya kara kunne a bakin tukunyar, ya daɗe.

"Sun yarda. Za ka ci a waje. Kasuwarka za ta ci a waje, 'yan wasanka za su ci a waje. Amma na cikin nan su ma suna ci. Ka ci ɗaya a waje, a ci ɗaya a gida."

Nan Muntari ya yi kuskuren da ba mai yin sa sai wanda ƙwallo ta cinye wa kai. A bakinsa, shekara goma sha huɗu, gida yana nufin filin Rano, waje yana nufin filin wasu. Nan take ya buga lissafin maki.

"A'a, Baba, wannan ai ba riba. Abin da na samo a waje na zubar a gida ke nan. A yi biyar a waje, ɗaya a gida."

Tsohon ya ɗago ya dube shi sosai.

"Ciniki kake yi?"

"Ɗan kasuwa ne ni."

"Biyu."

"Huɗu, Baba. A duba."

Tukunyar ta yi wani ƙara kamar ana jan numfashi ta haƙora.

"Uku. Sun ce uku, ba ƙari. Sun kuma ce ba su taɓa ganin wanda ya yi tayi da sanyin rai irinka ba."

"Ai gida gida ne," in ji Muntari. "Ko an ci mu sau ɗaya, jama'a za su yi haƙuri."

"Za su yi," in ji tsohon.

Ya tsaga ƙwallon da aska, ya zuba ƙasar bakin zauren a ciki. Ya ce Muntari ya ambaci duk wanda ke cin tuwo daga tukunyarsa, don arziki ya san su idan ya zo. Muntari ya ambata: mahaifiyarsa Inna Khadijatu, matarsa Adawiyya, ɗansa Shamsuddeen, 'yarsa Afra'u. Kowane suna, tsohon ya jefa tsakuwa ɗaya a cikin ƙwallon. Ya murɗe wuyan zakaran ba tare da yanka ba, ya matse jinin a kai, ya ɗinke da jijiya, ya saki ƙwallon cikin tukunyar. Ba a ji faɗuwarta ba.

"Kada ka ambaci sunan Allah sai ka sauka ƙasa."

Muntari ya kiyaye. Azahar ta wuce shi a kan dutsen.

Cikin mako biyu riɗin da ya tara ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Manyan dillalai daga Dawanau suka riƙa sallama a rumfarsa. Abin da ya saya duk sai ya hau, abin da ya sayar duk sai ya faɗi bayan ya rabu da shi. Ya karɓi ƙungiyar daga hannun ɗan siyasar. Garkuwa ta ci a Gusau. Ta ci a Bauchi. Ta ci a Lafiya a minti na ƙarshe, ta tsira daga faɗuwa.

Washegarin wasan Lafiya aka tarar da Inna Khadijatu a zaune a inuwar ɗakinta, ƙwaryar gyaɗa a cinya, kai a jingine da bango. Tsohuwa ce. Aka ce lokaci ya yi.

Kaka ta zagayo. Muntari ya gina bene a hanyar Kibiya, ya sauke farali, ya zama Alhaji Ciyaman. Ya saya wa ƙungiya doguwar mota da sunanta a jiki, ya ɗauko koci mai suna Ramalan daga Zariya. Sharu ma ya fara zuwa kallo. Bayan nasara ta shida a waje, Shamsuddeen, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu mai karatu a Kano, ya tsuguna yin alwalar la'asar, bai tashi ba. Likitoci sun duba ba su ga komai ba.

Bayan nasara ta tara, Adawiyya ta fito tsakar gida da rana tsaka ba ɗankwali. Matar da ba ta taɓa kallon wasa ba a rayuwarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ware ƙafafu, ta buɗe hannuwa, tana bin wani abu da ido a sama.

"Ga ta nan! Ku tare! Alhaji, ta wuce ni, ta shiga!"

Ta riƙa faɗuwa dama da hagu har gwiwoyinta suka fashe. Aka yi ruƙiya, aka kai ta asibiti, a ƙarshe iyayenta suka tafi da ita Unguwar Gai suka kulle ta a ɗaki.

Duk da haka Muntari bai gane ba, ko kuwa bai so ya gane ba. Garkuwa ta ci na goma, ta ci na sha ɗaya. Ramalan ne ya buɗe masa ido, shi ma ba da niyya ba, suna tsaye a bakin fili yara suna atisaye.

"Ciyaman, ka lura da wani abu kuwa? Tun da ka karɓi ƙungiyar nan ba a ci mu a gida ba. Ko sau ɗaya. Asabar mu ci Minna a can, mun haye rukuni na ɗaya."

"Me ka ce?"

"Na ce mun haye."

"A'a. Na farkon."

"Ba a taɓa cin mu a filin nan ba. Lafiya, Ciyaman? Ka zauna mana."

Muntari ya ƙirga da yatsu. Uku, Inna. Shida, Shamsuddeen. Tara, Adawiyya. Minna ce ta goma sha biyu. Tsakuwa huɗu aka jefa.

Da ya nufi masallaci a ranar, da labarin nan wataƙila ya canza. Dutsen ya koma.

"Ka yaudare ni! Wasan gida muka yi da kai!"

"Gida na ce," in ji tsohon. "Kai ka ji fili. Filin naka ne? Ƙasar filin ka kawo mini ko ta zaurenka? Ba a biya da abin da ba na mutum ba."

Muntari ya zube. Ya ce a karɓi benen, a karɓi rumbunan, a karɓi ransa.

"Ba su son naka. Ta kanka suke ci. Daɗin da kake ji idan ƙwallo ta shiga, shi ne ƙofar da suke bi. Idan yaran suka ci ranar Asabar, zuciyarka ba ta motsa ba, ƙofa ta rufe. Dukiya za ta tafi, yarinyar ta zauna. Idan ta motsa ko da ƙwayar gero ce, shi ke nan."

"Wannan mai sauƙi ne. Na tsane su. Wallahi na tsane su."

"Kada ka yi rantsuwa a nan," in ji tsohon. "Sauka."

Ya yi duk abin da mutum zai iya. Ya roƙi Ramalan ya ajiye manyan 'yan wasa a benci, Ramalan ya ce sai dai a kore shi. Ya kore shi, 'yan wasa suka ce ba su san zancen ba. Ya kulle motar ƙungiya ya ɓoye makulli, mutanen gari suka kawo motocinsu. Aka yi masa ihu a kasuwa, aka ce an saye shi. Sharu ya zo har gida.

"Shekara nawa muna maka dariya kana bin su a motar albasa? Yau da za a haye ne za ka juya? Me suka yi maka?"

Muntari ya rufe ƙofa.

Ranar Asabar ya cire batirin wayarsa, ya sa rediyo a cikin rijiya, ya sallami masu aiki. Ƙarfe huɗu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da Afra'u. Shekararta goma sha bakwai, lafiyarta ƙalau, tana tsintar shinkafa a faranti.

"Baba, yau kai ne a gida ana wasa? Ko dai ka tsufa ne?"

"Na bar ƙwallo, uwata."

"Ka faɗa wa wanda bai san ka ba."

Ya riƙe gefen mayafinta. Ya rufe ido yana istigfari, harshensa yana sarƙewa don an daɗe ba a yi ba. Ya kawo kabarin Inna a ransa. Ya kawo butar Shamsuddeen a kife. Ya kawo gwiwoyin Adawiyya. Ya ce wa kansa wasu 'yan ƙwadago ne sha ɗaya suke guje-guje a garin da ba nasa ba. Rabin lokaci ya wuce, ya san ya wuce, don jikinsa agogon wasa ne. Gari shiru. Ya fara roƙon Allah a ci su, a yi musu biyar, a karya su.

Ana gab da magariba sai wani ihu ya tashi daga bakin tasha, inda mutane suka taru a kan wayar mutum ɗaya. Ihun ya bi titi. 'Yan acaɓa suka danna ham gaba ɗaya. Wata murya ta keto ta kan katanga:

"Garkuwa ta haye! Ɗaya da nema! Garkuwa ta haye!"

Shekara goma sha shida yana jiran kalmomin nan. Bai tashi ba, bai yi ihu ba, bai buɗe ido ba. Abu ne ƙarami ya tashi a ƙirjinsa, mai ɗumi, kafin ya kai ga danne shi.

"Baba," in ji Afra'u, "murmushi kake yi. Mun ci ko?"

Farantin ya zame daga cinyarta.

An binne ta da safe, gari yana cike da tutocin ƙungiya. Kafin sadakar bakwai ƙwari sun cinye rumbunan riɗin, abin da aka buɗe duk gari ne baƙi. Benen ya tsage daga sama har ƙasa a daminar farko. Garkuwa ta yi kaka ɗaya a rukuni na ɗaya ba ta ci wasa ko ɗaya ba, a gida ko a waje, aka rushe ta. Adawiyya ba ta warke ba.

Muntari yana nan da rai. Yana zama a bakin maƙabartar Tarai, bakinsa ɗaure da tsumma tam har ƙeya. Idan aka kwance don a ba shi abinci sai ya rufe da hannu biyu yana kuka, yana cewa kada a bari fuskarsa ta motsa, akwai sauran mutane a gida.

Masu ba da wannan labari sukan tausaya masa, su ce ai ba don kansa ya nemi dukiyar ba, don ƙungiyar garinsu ne. Wannan ba uzuri ba ne. Kwaɗayi ba sai na kuɗi ba. Duk abin da mutum ya so har ya hau dutse ya bar sunan Allah a ƙasa dominsa, ya riga ya sa iyalinsa a ciniki, ko ya ji kalmar daidai ko bai ji ba. Wanda ke cikin tukunyar ba ya kuskuren lissafi, kuma ba ya karɓar komai sai abin da ba za ka iya sake samu ba. Mai son wani abu ya roƙi Wanda ya halicce shi. Idan an hana shi, ya koma gida ya ƙirga mutanensa, ya gode.