Ruwan Famfo da Garin Fulawa

Ranar da Dakta ya ɗora littafinsa mai koren bango a kan teburin cin abinci, Auta ta ɗauka jerin kayan jariri zai karanta musu. Har da murmushinta. Cikinta wata biyar, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan ƙaramar kujera, mahaifiyarta kuma na tsiyaya mata ruwa daga farar jarkar da take kawowa duk ranar Lahadi.

Dakta dai ba likita ba ne. Mai ba da magani ne a wani asibiti, 'yan unguwa suka liƙa masa sunan, shi kuma bai taɓa wahalar da bakinsa wajen gyara musu ba.

"Mama, wata nawa ke nan rabon Auta da faɗuwa?"

"Bakwai, da ikon Allah. Tun da na fara kawo ruwan nan."

"Bakwai." Ya buɗe littafin a hankali. "Huɗu daga ciki, ruwan famfo take sha."

Kofin ya tsaya a hannun Auta, bai kai baki ba.

Da muryar da yake yi wa marasa lafiya bayanin sau nawa za su sha magani ya yi musu bayani. Duk Lahadi in Mama ta tafi, sai ya juye ruwan jarkar ya cika ta da na famfo. Ga kwanan wata nan, layi-layi, ga gurbin da ya ware don rubuta ranar faɗuwa, wayam, babu ko ɗigo. Ya ce bai yi don raini ba, ya yi ne don kowa ya gani da idonsa cewa ƙwayar maganin asibiti ce ke aiki.

Mama ba ta dubi littafin ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"A ina ka zubar?"

"A wurin wanke-wanke."

Ruwan nan Mama da kanta take yinsa. Tana idar da sallar asuba za ta zauna da jarkar a cinya, ta yi karatu tana tofawa har rana ta fito, ga ciwon gwiwa, ga tabarau mai ƙafa ɗaya da take ɗaurewa da zare. Daga nan ta hau mota biyu ta kawo. Shi ne aka haɗa da kumfar sabulu da maiƙon kwanuka, sati goma sha shida.

Tsohuwar ta gyara mayafinta, ta sa takalmi, ta yi musu sallama kamar kullum. Da ma zagi ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

Tun tana shekara goma sha biyu Auta ke fama da farfaɗiya. Dangin ubanta sun hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da ita, samari kuwa da sun ji labari sai su ari ƙafar kare. Mama ce ta tsaya mata, ita ke goge mata baki, ita ke rufe ta da zani in ta faɗi a titi. Sai ga shi wata rana ciwon ya kama ta a layin karɓar magani. Mutumin da ke bayan taga, Dakta ke nan, ya tsallako, ya cire farar rigar aikinsa ya tusa a ƙarƙashin kanta, ya ƙwace cokalin da wata mata ke neman cusa mata a baki. Da ta farfaɗo fuskarsa ta fara gani, ba ƙyama, ba tsoro. Ranar ta ba shi zuciyarta, tun kafin ya nema.

Danginsa sun yi tsalle sun dire, ya aure ta. Shi ya nemo mata likitan ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙararrawa a wayarsa don lokacin maganinta. Kafin aure kuma, da ta faɗa masa ita fa ba za ta bar addu'ar mahaifiyarta ba, ya riƙe hannunta ya ce abin da ke cikin zuciyarta nata ne, ba ruwansa da shi.

Ita Auta ba ta taɓa ganin inda faɗan yake ba. Ƙwaya a tafin hannu, ruwan addu'a a kofi, ta yi bisimilla ta haɗiye. A wurinta wanda ya ba mutum ilimin haɗa ƙwayar shi ake roƙo a cikin ruwan. Amma Mama na kallon ƙwayar a matsayin raunin imani, Dakta na kallon ruwan a matsayin duhun kai, kuma kowannensu so yake ta zaɓa.

Bayan tafiyar Mama, Auta ta sami Dakta a kicin yana wanke jarkar.

"Ka mai da ni ɓeran gwaji."

"Hasken raina, 'yantar da ke na yi."

"Daga me?"

"Daga tsoro. Yanzu kin san ko babu ruwan nan lafiyarki ƙalau."

"Na tambaye ka? Wata huɗu ina cewa amin a kan ruwan famfo, kai kana tsaye kana kallona kana rubutu..."

Ya ce wata rana za ta gode masa. Ya sumbaci goshinta, ya duba agogo, ya miƙo mata ƙwayar yamma. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da gaske yake sonta, kuma ko a jikinsa bai ji ya yi laifi ba.

Sati biyu Mama ba ta zo ba, ba ta kuma ɗaga waya. Ana cikin na uku sai ga ta da jakar kaya, fuska a sake. Ta gaisa da surukinta har da tambayar aiki. Ta ce ta zo ta zauna har a sauka lafiya, tun da ciki ya yi nauyi kuma gidan bene ne. Washegari da safe ita da kanta ta ɗauko kwalbar maganin, ta zaro kafso guda mai ja da fari, ta ɗora wa 'yarta a tafin hannu.

Dakta ya kalli matarsa ya ɗaga gira, wato kin gani ko. Duk yamma in ya dawo aiki sai ya juye kwalbar a faranti ya ƙirga, ya tarar biyu sun ragu daidai, ya rubuta. Likita ya ja musu kunne cewa da cikin nan ko sau ɗaya kada a tsallake, shi kuwa Dakta mutum ne da in lamba ta yi daidai to magana ta ƙare.

Auta ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Mijinta da uwarta a tebur ɗaya, ana miƙa wa juna gishiri. Ta zauna a kan kekenta ta ɗinka riguna shida ƙanana, domin hoton asibiti ya nuna mace ce. Mama na tsokanarta wai hannun rigar ko ɗan tsako ba zai shiga ba. Dakta na kwantar da kunnensa a cikinta yana gaishe da 'yarsa da sunan "ƙaramar likita". Har a sallah Auta ta gode wa Allah da ya daidaita mata su.

Ranar kwana na ashirin, da hantsi, ta wanke rigunan shida ta ɗauko su a roba za ta hau sama ta shanya. Tana mataki na tara ta ji warin ƙonanniyar roba. Ta san warin, shi ke zuwa mata gab da faɗuwa. Wata takwas rabonta da shi, amma ta san shi kamar muryar maƙiyi. Ta buɗe baki za ta kira Mama, harshen ya ƙi.

A gadon asibiti ta farka, da yammacin washegari, harshenta a fashe, hannunta ɗaya cikin bandeji. Ɗayan ta kai kan cikinta. Ba sai an faɗa mata ba.

Dakta na tsaye a ƙarshen gadon da takarda a hannu, idanunsa jawur. Ta jira ya zo ya rungume ta. Takardar ya ɗaga.

"An gwada jininki. Babu maganin a ciki, ko alamarsa. Tofarwa kike yi in na juya baya?"

Ba ta iya magana ba, kai kawai ta girgiza.

"Kada ki yi mini ƙarya a kan gawar 'yata. Mama ta cika miki kunne, ko? Kin zaɓi jarka."

"Ba ta tofar ba."

Mama ce, daga kujerar kusurwa, carbi a hannu. A rana ɗaya ta tsufa da shekara goma, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce tun ranar da ta zo ta zauna ta buɗe kafso ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zubar da garin ciki, ta cika su da fulawa, ta mayar ta rufe. Ruwan kuwa na gaske take ba ta, a ɓoye take tofawa a butar shayi.

"Kai ka gwada naka wata huɗu. Ni ma na gwada nawa. Kwana goma sha tara ba ta faɗi ba, ga shi nan na ƙulla a zare."

Ta zaro zaren daga bakin zaninta, ƙulli goma sha tara.

Abin da ya biyo baya Auta ta ji shi ne kamar daga ƙarƙashin ruwa. Dakta ya kira tsohuwar mai kisan kai, ya ce sai ya kai ta gaban hukuma. Ta ce masa wanda ya zuba sunan Allah a magudana shi ya jawo musu, kuma abin da aka rubuta ba ƙwayar da ke gogewa. Ya ce jahilci ne ya ci 'yarsa. Ta ce girman kai ne ya ci jikarta. A kan gadonta suke yi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, yana kaɗa takarda tana kaɗa zare, kuma babu wanda ya sunkuyo ya dubi wadda ke kwance.

Nas ɗin ɗakin, wata mai furfura a gefen hula, ta shigo ta ce nan ba kasuwa ba ce. Sai da aka yi shiru Auta ta samu ta motsa kumburarren harshenta.

"Da wa ta yi kama?"

Suka dube ta.

"'Yata... da wa ta yi kama?"

Dakta ya sunkuyar da kai. Lokacin da aka ciro yarinyar yana ɗakin gwaji, ya tsaya a kan ma'aikatan sai sun fitar masa da sakamakon jinin. Mama kuwa tana bayan gini ta shimfiɗa mayafi tana roƙon kada Allah ya kunyata ta. An neme su, an jira, daga baya aka kira yayan Auta ya zo ya karɓa, ya kai ta makwancinta.

"Ni na naɗe ta," in ji nas ɗin a hankali. "Gashi ne da ita cike da kai. Ga ɗan rami a haɓa, irin naki."

Sai a lokacin Auta ta yi kuka. Ba mai sauti ba, hawaye ne kawai ke gangarawa cikin kunnuwanta. Dakta ya durƙusa ya kamo yatsunta yana kiranta hasken ransa, yana rantsuwa zai ƙona littafin, za su sake samun wata. Mama ta dafa ƙafarta tana cewa Autata, Autata, ki yafe wa uwarki. Ta san duk su biyun da gaske suke. Ta kuma san da a ce ba ta faɗi ba, da yanzu zaren ne a kan teburin cin abinci, a daidai inda littafin ya zauna.

Lokacin magani ya yi. Nas ta kawo kafso a ɗan ƙaramin kofi. Nan take Dakta ya ɓalle murfin sabuwar gorar ruwa, Mama ta jawo jarka daga ƙarƙashin kujera. Hannu biyu suka miƙo a tare.

"Ku fita," in ji Auta.

"Hasken raina..."

"Kai ka ce abin da ke zuciyata nawa ne. Ke kuma Mama kin koya mini ba a shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kun shiga, ku biyun, kun yi faɗanku a cikin jikina, wadda ba ta san komai ba ta biya. In an sallame ni gidan Yaya za ni. Kada wanda ya biyo ni."

Nas ta ja labule a bayansu. Auta ta ɗan jima tana jin takalmin Mama na ja a ƙasa, da kukan namijin da bai saba kuka ba, har suka yi nisa.

Auta ta roƙi nas ɗin ta taimaka mata ta tashi. Da kanta ta taka zuwa famfon kusurwar ɗakin, tana dafa bango, ta tari ruwa a kofi. Ta yi addu'arta a kai, gajeriya, da harshen da ba ya fita sosai. Ta ɗauki kafso ɗin ta kai baki, sai hannunta ya tsaya.

Ta sa farce ta raba shi biyu, ta lashi garin ciki.

Ɗaci ne, mai tayar da zuciya. Ta lashe shi duka, ta bi da ruwan, ta koma ta kwanta tana shafa ramin haɓarta da yatsa.