Zagayen Hagu

"Ni da kuke gani," in ji Yaya Sallau, "na shiga ƙasar Indiya na fito, ko gezau. Indiyanci a bakina kamar a can aka yanke mini cibi. Aljanunsu ma gaisawa muke."

An ɗauke wuta tun magariba, duk mun baje a tsakar gida. Yaya Sallau ɗan wan babanmu ne. Ya haura arba'in, amma har gobe shi ke ɗaure wa mai barci ƙafa da igiyar akuya. Shi ya raka Baffa Nomau jinyar ƙoda a can, bara waccan.

Baffa na kishingiɗe a tabarma. Bai ko buɗe ido ba ya ce, "Indiyanci. Kai da na aika sayo ruwan sha ka dawo mini da man gashi."

Muka kwashe da dariya. Yaya Sallau bai yi ba. Ya jawo ƙafafunsa ya cusa su ƙarƙashin riga, ya rage murya.

"To ku matso. Wannan ban taɓa ba kowa ba.

"Daga wani asibiti muke dawowa, a wani gari mai nisa. Likita ya duba Baffa, ya girgiza kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Baffa na kwance a bayan mota, numfashi sama-sama. Ni kuwa na gaji. Wata da watanni ina kwana a kujera. Na ɗaga shi, na kwantar, na wanke, na shanya. Abinci duk yaji da tsami. Idona kamar an zuba yashi.

"Direbanmu Selbam sunansa, mu Salmanu muke ce masa. Rana na faɗuwa ya tsaya a bakin wani kogi. Ya ce nan ɗakin bautar kakanninsa yake, ba ya wucewa bai shiga ba. Na ce nima bari in sauka in yi alwala.

"Ban taɓa ganin gini irinsa ba. Ƙofar kaɗai hasumiya ce, sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshenta. Daga ƙasa har sama mutum-mutumi ne a jere, masu hannu huɗu, masu kan giwa, masu rawa. Duk dutse. Salmanu ya ce babu siminti ko cokali guda, ɗora su aka yi, kowanne ya ciji ɗan'uwansa. Ya ce a da kogin nan kowace damina sai ya ci rabin gari. Sai wani sarki ya sa aka yi ginin, aka raba hanya da masu ruwan. Masu rai da tasu, waɗanda kogi zai karɓa da tasu. Yana ta bayani da Turancinsa, ni ina ta hamma. Ban saurari wace hanya ce ta wa ba."

"Kai Yaya," in ji Hansatu, ƙanwata.

"Yi shiru. Na cire takalmi a ƙofa kamar kowa. Can ciki ba a barin irinmu, ni ma ba shi ya kawo ni ba. Na bi gefe, na gangara wata matattakalar dutse har cikin ruwa. Mata na kunna 'yan fitilu a kan ganye suna sakin su, ruwa na tafiya da su. Na yi alwala, na samu lungu na yi sallata. Da na sallame sai da na daɗe kafin in iya miƙewa.

"Na hau sama, na rasa ƙofar da na shigo. Wata doguwar rumfa ce ta dutse ta kewaye ɗakin tsakiya, ginshiƙi bayan ginshiƙi, duk iri ɗaya. Mutane na zagayawa, toka a goshi, furanni a hannu. Ana fasa kwakwa, ana buga ƙararrawa. Na ce bari in zaga, ai zan iske ƙofa.

"To ku kun san tun da na yi Umara ƙafata ta saba. In za a zaga ɗaki, ɗakin a hagu yake. Ba ibada nake ba, Allah na gani. Ƙafa ce ta ɗauke ni. Su duk ɗakin na damansu. Ni kaɗai nake tahowa ta gabansu.

"Wata tsohuwa ta tare ni, tana kaɗa hannu, tana magana da sauri. Na zaci gaisuwa ce. Na yi mata murmushi na ce, 'Acca, acca,' wato 'to, to' da Indiyancina. Ta rufe baki da gefen mayafinta ta kauce.

"Na zaga, ban ga ƙofa ba. Na sake zagawa. Akwai wani bajimin sa na dutse a gurfane yana kallon ɗakin. Na wuce shi, na kuma wuce shi. Mutane suka fara raguwa. Ban ga fitarsu ba. Ƙararrawar nan ta koma kamar a ƙarƙashin ruwa ake buga ta.

"Sai na ji dutsen da nake takawa ya jiƙe."

Babu wanda ya motsa. Ko sauro mun daina kora.

"Wani tsoho ne a gefena. Ban san sanda ya zo ba. Farin zane a ƙugunsa, sharkaf. Tulu a kafaɗa, an huda gindinsa, ruwa na tsiyaya a bayansa. Tafiyarmu ɗaya. In na tsaya ya tsaya.

"Ya ce, 'Sannu da hanya, Sallau.'

"Da Hausa. Hausar ƙauyenmu, irin ta tsofaffin da suka mutu tun muna yara. Kuma bakinsa kan rufe kafin maganar ta iso.

"Na ce, 'Yawwa, Baba.'

"Ya ce, 'Wa ka kawo?'

"Na ce, 'Ƙofa nake nema.'

"Ya ce, 'Ba a bin nan sai da gawa. Ka bi. An buɗe maka. Wa ka kawo?'

"Na sunkuyar da kai don kar mu haɗa ido. Da na sani ban duba ƙasa ba. Dugadugansa ne a gaba. Yatsun na kallon inda muka fito.

"Na buɗe baki in yi addu'a, harshe ya yi nauyi kamar tsumman da aka jiƙa. Muna ta tafiya. Ruwan tulun na raguwa, ina jin sautinsa na canzawa.

"Ya ce, 'In ya ƙare ba ka faɗa ba, kai ne.'

"Sannan ya sassauta murya. 'Ka gaji, yaro. Ga mutum can a mota, shi ma ya gaji. Suna kawai za ka faɗa. Yau ka kwana a gado.'"

Yaya Sallau ya dubi wajen tabarmar Baffa, ya kawar da kai.

"Sunan ya zo nan," ya ce, ya taɓa maƙogwaronsa. "Har na haɗa leɓe. Sai na tuna da safe da nake ba Baffa shayi ya ce in shanye rabi, wai ya ga na rame. Shi da ba ya iya riƙe kofi.

"Na haɗiye. Tulu saura ɗigo. Na ce to, ni da na yi shekaru ina yi wa mutane wayo, yau ga ranarsa. Na ba shi wani suna.

"Ya ce, 'Ɗan wa?'

"Na faɗa masa.

"Ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ya sauke tulun ya fasa a ƙasa. Sai ga hannu a kafaɗata. Salmanu ne, gumi na zubo masa. Ya juya ni da ƙarfi, ya sa ɗakin a damana, ya ja ni muka bi sahun mutane. Ga ƙofa nan a gabanmu, ashe ba ta je ko'ina ba. Takalmina ma a can na baro su.

"Saboda haka ku ji da kyau. In Allah ya kai ɗayanku ƙasar, kar ya shiga irin wurin nan shi kaɗai. In kuma ya shiga, ya bi inda ƙafar mutane ke bi."

"Sunan wa ka bayar?" in ji Hansatu.

"Suna ne kawai. Na iska."

"Na iska ya karɓa?"

"Ke dare ya yi. A je a kwanta."

Baffa Nomau ya yi gyaran murya. "Ni dai abin da na sani, ya faɗo mota ba takalmi, yana rawar ɗari. Har muka isa masauki magana ɗaya yake. 'Bature ɗan Tunkiya, ka yafe ni.' Na ce ko zazzaɓi ne."

Inna Tabawa, matar Baffa, da muke zaton ta yi barci a bakin ƙofar ɗaki, ta tashi zaune.

"Bature wa?"

Ta ƙura wa Yaya Sallau ido.

"Farin ragona? Wanda na yi shekara ina ba shi dusa da hannuna?" Muryarta ba ta ɗaga ba. "Kuna can ya mutu. Lafiyarsa ƙalau da dare. Da safe na iske shi a turke, jiƙe sharkaf, ruwa na fita ta hancinsa, a tsakiyar rani."

"Inna, ai kwana ne ya ƙare," in ji Yaya Sallau.

"Kai ka bugo waya kafin in gaya wa kowa. Ka ce leda ya ci. Ka ce yaran nan ne ke yar da leda a turke."

Hansatu ta juyo gaba ɗaya. "Bulala muka sha, Yaya. Har da ni da ba na ma gida."

Yaya Sallau ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya fara laluben takalminsa a duhu.

"Zauna," in ji Inna Tabawa. "Tunda gaisawa kuke da su, ka koma ka karɓo mini abina."