Tantabarun Yaya da Ruwan Ƙanƙara

Baba yana aiki a ofishin hasashen yanayi. Idan ya dawo gida, yakan koya wa 'ya'yansa biyu yadda ake gane hadari. Ƙanwar ta fi saurin ɗauka. Sau uku tana cewa za a yi ruwa, kuma aka yi.

"Ga mataimakiyata nan," in ji Baba, yana dafa kanta.

Yayan kuwa sai ya haɗe rai. Shi ne babba, amma ba a taɓa kiran sa mataimaki ba. Kishi ya cika shi, har ya laƙaba mata suna 'Yar Rediyo.

Wata Asabar da yamma zafi ya tsananta, ko ganye ba ya motsi. Yayan ya hau saman bene zai saki tantabarunsa shida su sha iska. Ƙanwar ta biyo shi da gudu.

"Yaya, kada ka sake su. Dubi wancan hadarin. Ya yi tsawo, samansa ya baje, ƙasansa ya yi baƙi ƙirin. Baba ya ce irinsa ne ke kawo iska da ƙanƙara."

Ya duba. Ya san gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

"Sannu, 'Yar Rediyo. Ke kaɗai ce mai ido a gidan nan?"

Ya buɗe kejin. Tantabaru suka tashi fir.

Ba a jima ba iska mai sanyi ta taso, ta kwashe shanyar Mama. Mama ta janye yaran cikin ɗaki. Sai ga ƙanƙara kamar ƙwan kaza tana dukan rufi. Yayan ya tsaya a taga, yana neman tantabarunsa a sama.

Da ruwa ya ɗauke, ya ƙirga. Biyar sun dawo. Babu farar, wadda ya fi so. Ya fashe da kuka.

Ƙanwar ba ta yi masa gori ba. "Daga gabas iskar ta taso," in ji ta. "Zo mu duba yamma."

A bayan shagon tela suka same ta, ta jiƙe sharkaf, fiffikenta ɗaya ya saki.

Da Baba ya dawo, ya ɗaure fiffiken a hankali. "Ba ka ga hadarin ba ne?"

"Na gani, Baba. Ba na so ne a ce ita ce ta yi daidai."

"To, ka ga wanda ya sha wahalar," in ji Baba. "Ba ita ba ce, tantabararka ce."

Yayan ya ba ƙanwarsa haƙuri. Bayan mako uku farar ta sake tashi, su biyu suna tafi.

Daga ranar ya gane cewa idan an gargaɗe ka da gaskiya, ka karɓa, ko da ƙanwarka ce ta faɗa. Kishi ba ya hana ƙanƙara sauka.