Motar Da Ba Ta Kauce wa Rami

An jera kujeru, manyan baƙi sun fara isowa, sai aka nemi motar auna titi aka rasa. Yau ne hukumar tituna ta jiha za ta miƙa ta ga ƙaramar hukuma, da na'urarta da komai.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ya fara da maigadi.

"Wa ya fita da ita?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ko ƙuda bai wuce ni ba."

Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Ƙudan dai da makullinsa ya zo.

Injiniya ya yi bayani yana sharce gumi. "Na'urar girgizar mota take aunawa. Titin da ba ta auna ba, ba ya shiga layin gyara. Daga yau kuma iyakar aikinta ƙaramar hukumar nan."

A bakin hanya mai faci ya ce ya gan ta da hantsi. "Yallaɓai, ban taɓa ganin ɓarawo mai natsuwa haka ba. A hankali yake tafiya, kuma duk ramin da ya gani sai ya faɗa."

Sufeto ya koma wurin maigadi. Kowa kauce wa rami yake, ban da wanda aikinsa auna shi.

"Ina direbanta?"

"Zazzaɓi yake," in ji maigadi, idonsa a ƙasa.

Bayan iyakar ƙaramar hukumar suka cim masa, kan wani tsohon titi da kwaltarsa ta zagwanye. Direban ne, dattijo, bai ko yi yunƙurin gudu ba.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Hanyar garinmu ce. Motocin haya sun daina shiga. Gyatumata tana can, kullum a ƙofar gida tana duban hanya, jikokinta ma ba ta san kamanninsu ba. Shekara da shekaru ina auna titin mutane, ina cewa namu na nan tafe. In aka miƙa motar nan, shi ke nan."

Kewar tasa uwar ta taso wa Sufeto. Rabonsa da gida har ya manta.

"Baba, ka san kama ka zan yi."

"Na sani, ɗana. Saura kaɗan in kai ƙarshe."

Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da shi.

"Ja mu tafi ofis. Amma nan ba wurin juyawa, sai can ƙofar gidanku."